Ranar Da Bamalli Ya Caccaki Hajiya Da Turanci

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kwamba ya san Bamalli. In ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don tun kafin ya shawo kwanar masallaci ake jin ta. Masinja ne a wani kamfani a Abuja. Shi dai cewa yake yi yana "ɓangaren sadarwa," kuma ba ƙarya ya yi ba, tunda shi ke ɗaukar jaridu daga ƙasa ya kai wa oga a hawa na huɗu. To a tsakanin ƙasa da hawa na huɗun nan ya yi digirinsa. Ba ya shiga lifta. Matakala yake bi a hankali yana karanta manyan kanun labarai, duk kalmar da ta cika masa baki sai ya kwafe ta a wani littafi mai jan bango.

Littafin nan kashi uku ya raba shi. Akwai kalmomin duka, akwai na suka, akwai na shan kashi. Ya ce ya tara sittin da uku, kuma ko malaman jami'a ba su wuce arba'in ba. Wa ya ƙirga na malaman jami'a, oho.

Ni Gwadabe tela ne. Shagona ne a bakin ƙofa, ɗakina kuma yana jikin na Bamalli, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Gidan haya ne mai ɗaki tara, na wata tsohuwa Hajiya Mas'uda, kuma kwanon rufinsa ya girmi rabin mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa. Kowa ɗakinsa na yoyo, amma na Bamalli ya fi, ga shi matarsa Asama'u tana da jaririya 'yar wata biyu, Ummi. Ruwan farko da aka yi a watan huɗu, robobi bakwai Asama'u ta jera a kan gado da gefensa. Washegari yarinyar ta tashi da tari.

Ina ɗinki na ji ta tana faɗa masa, ba da faɗa ba, cikin sanyin murya irin wanda ya fi faɗa ban tsoro.

"Baban Ummi, Asabar Hajiya za ta zo duba gida. In ta zo ta tafi ba a yi maganar kwanon nan ba, ni da yarinyar nan sai Gauraka. Sai an daina ruwa za ka gan mu."

Gauraka gidansu ne. Daga watan huɗu zuwa ɗaukewar ruwa kuwa wata shida ne cur, ga surukin Bamalli dama ya sha faɗa a bainar jama'a cewa baki ya aura wa 'yarsa. Bamalli ya fito ya tara 'yan gidan a gindin mangwaro bayan la'asar.

Na ce, "Abin ai ba shi da wuya. Mu tashi mutum uku mu same ta mu faɗa mata. Ba wanda ya taɓa faɗa mata ne." Gaskiyar ke nan. Duk zuwan da tsohuwar nan za ta yi da tsaraba take zuwa, ga goro ga alewar yara, to wa zai karɓi goro da dama ya nuna rufi da hagu?

Bamalli ya dube ni da tausayi. "Malam Gwadabe, shi ya sa har yau aljihu kake ɗinkawa. A Abuja ba a roƙo, caccaka ake yi. Da safe jarida ta yi *slamming* ɗin babban mutum, kafin azahar ka ga an kwashe bola. Takarda zan rubuta da Turanci, kowa ya sa hannu, in karanta mata a gaban jama'a. Kafin in kai layi na uku za ta kira kafinta."

Maman Yemi, Bayarabiyar da ke sayar da amala a ƙofar gida, ta ce ita fa ba ta dangwala yatsa a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba. Wani ɗan'uwanta ya taɓa dangwalawa ya wayi gari babu shago.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Bamalli. "Yanzu zan koyar da ku. Bature in zai soki mutum, daga kayan duka yake arowa. Sai kun san nauyin kowane duka za ku san nauyin sukar."

Ya naɗe hannun riga. Ya fara da *tap*, ya ɗan taɓa kafaɗar Linus mai kemis, wanda ke ɗaki na ƙarshe. Ya ce wannan na wasa ne, ba za mu sa shi a takarda ba. Ya yi *slap* a cinyarsa. Ya yi *knock* a ƙofar Linus, ƙofar da dama ƙusa ɗaya ke riƙe da ita, ta kwanta ciki a hankali ta danne fankar mutumin.

"Ba komai," in ji Linus. "Ci gaba, Oga Bamalli. Ni ma ina so in ga ƙarshe."

Ya zo kan *thump*. Ya ce wannan da tafin hannu ake yi, mai sauti. Ya daki murfin duron Maman Yemi, murfin ya juye ya faɗa ciki, ruwan da ta saya da safe ya yi tsalle ya wanke masa gaban wando. Yara suka fara taruwa a ƙofa.

"Yanzu mun shigo manya," ya ce. "*Punch*. Ku matsa."

Akwai buhun alabo na Maman Yemi jingine da bango. Ta buɗe baki za ta yi magana ya ɗaga mata hannu, wai ba a katse malami. Ya ja da baya taku uku, ya dunƙule hannu, ya taho. Abin da take so ta faɗa masa shi ne, dutsen niƙanta yana cikin buhun daga sama, ta sa shi ne don kada awaki su ture.

Ƙarar ba ta da yawa. Bamalli ya tsaya cak, ya dubi hannunsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya taka a hankali ya shiga banɗaki ya rufe. Abin da muka jiyo daga ciki babu Turanci ko kalma ɗaya, sunan mahaifiyarsa yake kira. Da ya fito idanunsa sun yi ja.

"Wannan shi ne *punch*," ya ce.

"Saura nawa?" in ji Linus.

"Hamsin da takwas."

"To zo in ɗaure wannan tukuna, kafin ka ƙarasa gidan."

Maman Yemi ta ce ta gamsu, za ta dangwala, a bar sauran darasin don Allah.

Da yake hannun dama ya kumbura, Litinin da yamma sai ya tafi shagon buga takardu yana faɗa ana bugawa. Yarinyar da ke bugawa ta kai rabi ta tsaya ta tambaye shi wa aka kashe. Ya dawo da takarda shafi biyu yana ƙyalli. Linus, wanda shi kaɗai ne a cikinmu ya yi karatu mai zurfi, ya karanta ya kama haɓa.

"Oga Bamalli, wannan kalma da nauyi fa. *Lambaste*. Mama ce, ta haife ka."

"Turancin kemis daban, na ofis daban," in ji Bamalli. "Kai ka tsaya a kan sau uku a rana bayan an ci abinci."

Ni dai na sa hannu. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ɗakina yoyo yake yi.

Ranar Laraba ya dawo da wuri, ya ce ya tuna a Abuja ba a suka sai da hujja. Zai hau rufi ya ɗauki hoton ramukan. Ya aro tsani a masallaci. Na fito da almakashi a hannu na ce masa, "In dai sai ka hau, ka bi layin ƙusa, nan ne katako yake. Kada ka taka tsakiya."

"Malam Gwadabe, na hau bene mai hawa goma sha biyu."

"Ta ciki ka hau."

Bai saurare ni ba. Ya sa waya a baki, ya hau da hannu ɗaya. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku ya tsaya ya juyo yana yi wa matan layi bayanin yadda ake ɗaukar hoton hujja, ya ja da baya don ya samu faɗi. Sai muka ji kwano ya yi ƙara, Bamalli ya rage tsawo. Ƙafarsa ta hagu ta shige har cinya, ta fasa silin, ta leƙo daidai saman gadonsa. Allah ya taimaka Asama'u tana tsakar gida tana yi wa Ummi wanka.

Ta naɗe yarinyar a tawul, ta shiga ɗaki ta ga ƙafa tana reto da safa mai huji a babban yatsa. Ta fito ta ɗaga kai.

"Baban Ummi, wannan a wane kashi na littafin yake?"

"*Setback* ne," ya ce daga sama, yana nishi. "Ɗan koma baya kawai. Da *blow* ne da kin ga jini."

Linus ya leƙa ɗakin ya dawo. "Akwai jini kaɗan."

"Kaɗan ba ya shiga lissafi. Ku ciro ni."

Muka ja ta sama, kwano ya cije. Muka tura ta ƙasa da taɓarya, ya ce za mu karya shi. Layi ya cika, har masu keke sun faka suna kallo, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce a bar shi a nan tunda ya toshe ramin da kyau. A ƙarshe Maman Yemi ta kawo kwalbar manja, na hau kujera na shafe ƙafar tun daga idon sawu, Linus ya ja ta sama. Ƙafa ta fita sumul. Wandon ne ya ƙi biyo ta. Da zanen matarsa ya sauko.

Da muka duba wayar, hoto tara ya ɗauka. Bakwai sararin sama ne, biyu haɓarsa.

Yanzu fa ramin ya zama rami, yaro ɗan shekara biyar zai wuce ta ciki bai taɓa gefe ba. Bamalli ya ce ai wannan ma ƙarin hujja ne. Ya aro tamfol wurin mai kayan miya, aka shimfiɗa aka danne da duwatsu. Alhamis da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tamfol ya lotsa ta ramin, ya tara ruwa ya sauko ciki ya yi tumbi a saman gado. Da Bamalli ya dawo daga aiki ya tarar da abin yana lilo, Asama'u ta ce kada ya taɓa, a kawo baho a tsiyaye a hankali. Ya ce ta tsaya ta ga dabara. Ya ɗauko sandar goge-goge ya tokare tumbin zai tura shi sama. Sandar tana da ƙusa a kai.

Katifa, akwati, kayan jaririya, har hoton aurensu, babu abin da ya tsira. Asama'u ta ɗauki Ummi ta koma ɗakin Maman Yemi, ta aiko a miƙo mata jakar bakko.

Da yamman nan ya zo shagona ya zauna a kan benci. Ta bango muna jin tarin yarinyar, kowane tari sai na ga ya runtse ido. Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce, "Bamalli, ajiye takardar nan. Tashi mu je gidan Hajiya yanzu, ko magariba ba a yi ba." Har ya fara laluben takalminsa. Sai ga wani ɗan iskan mai keke ya wuce ya ɗaga masa hannu ya ce, "Barista, Asabar ɗin tana nan ko?" Shi ke nan. Ƙirji ya dawo inda yake.

"Tana nan," ya ce. "Ka zo da wuri, wurin zama zai yi wuya."

Asabar da hantsi tsakar gidanmu kamar ana ɗaurin aure. Ya aro bencuna daga Islamiyya, ya gayyaci layi kaf. Ya sa kwat, har da ɗaurin wuya irin na ma'aikatan banki, hannu a naɗe, yana ɗingishi. Aka ajiye kujera guda a tsakiya.

Keke ya tsaya, Hajiya Mas'uda ta sauko da sandarta. Tsohuwa ce ƙarama, ta haura saba'in, ba ta rabuwa da goro a kumatu. Ta ga taro ta yi salati.

"Lafiya? Ko sunan ne aka sake?" Ta hango Bamalli. "A'a, ɗan Laraba. Me ya sami hannun? Zo nan." Laraba sunan mahaifiyarsa ne, ƙawarta ce tun suna 'yan mata, albarkacinta ma ya sami ɗakin. Ta miƙa masa ƙunshi. "Ga zanen goyo da sabulu na kawo wa amaryar tawa. Ina take?"

Bamalli ya karɓi ƙunshin da hannun hagu. Na ga kamar zai mayar da takardar aljihu. Amma mutum sittin suna kallonsa, mai keken nan ma yana sahun gaba. Ya ajiye ƙunshin a kan duro, ya ce Hajiya ta zauna, akwai saƙo daga 'yan haya. Ya juya mata gefe, ya fuskanci jama'a, ya buɗe takarda.

Gaskiya ya karantu. Murya ta fito, jijiyar wuya ta tashi. "*We, the tenants, hereby slam the landlady! We blast her! We lambaste her! We flay and berate her!*" Kowace kalma sai ya nuna kujerar da hannun nan mai bandeji. Linus ya riga ya faɗa mini duk abu ɗaya suke nufi, wato mun caccake ta, mun yi mata kaca-kaca, mun yi mata wankin babban bargo. Ya shiga shafi na biyu inda muka sha *blow* da *setback* da *reversal* da wasu da ban riƙe ba. Samarin layi suna tafi, ba don sun gane ba. Da ya kai ƙarshe ya buga ƙafa, ya manta wacce ce mai ciwon, ya ɗan yi tsalle.

Hajiya ta gyara goronta.

"Masha Allah. Laraba ba ta yi asarar kuɗin makaranta ba. To me ka ce?"

Bamalli ya sauke takarda.

"Na'am, Hajiya?"

"Ni ban yi boko ba, ɗan nan. Juyo ka faɗa mini da Hausa. Wancan na farkon, da ka nuna ni."

Linus ya ɗaga hannu. "Mama, in ya gaji ni zan iya fassara."

"Zauna," in ji Bamalli da sauri. Ya juyo. Karo na farko ke nan da ya haɗa ido da ita tun da ya fara. Ya dubi takarda, ya dubi ƙunshin da ke kan duro. Murya ta sauko ta koma irin ta mai neman aron gishiri.

"Wato *slam*, Hajiya... muna gaishe ki."

"Ina amsawa. Na biyun fa?"

"Muna ƙara gaishe ki."

"Madalla. Wancan dogon, mai kama da sunan magani?"

"Ita ma gaisuwa ce, amma ta musamman. Ta haɗa har da jikoki."

"Duk suna lafiya. Wanda ka buga ƙafa fa?"

"Godiya ce, Hajiya."

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe Bature haka yake da ladabi. Shafi biyu duk gaisuwa."

Wani a baya ya fara dariya ya mayar da ita tari. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Mun rasa ƙofa, mun rasa manja, mun rasa katifa, a kan gaisuwa. Amma in faɗi gaskiya, ni ma bakina bai buɗe ba, don ta riga ta miƙo mini goro na karɓa.

"To ai shi ke nan," in ji Hajiya, ta dafa sanda ta miƙe. "Tunda kowa lafiya, gida lafiya, bari in ga jaririya in wuce. Ina da barka a Zuma."

Sai ga Asama'u ta fito daga ɗakin Maman Yemi, mayafi a kai, Ummi a baya, jakar bakko a hannu. Ta durƙusa ta gaida Hajiya.

"Ina zuwa da kaya haka, 'yar nan?"

"Gauraka, Hajiya. Ɗakin yoyo yake yi a kan yarinya, ga tari ya kama ta."

Magana ke nan, ko numfashi biyu ba ta ci ba. Hajiya ta dube ta, ta dubi Bamalli, ta wuce ɗakinsu. Muka bi ta har ƙofa. Ta ga katifa a jingine tana ɗiga, ta ɗaga kai ta ga rana tana kallonta ta silin, ga guntun wando yana reto a bakin kwano.

"Wannan ba tsufan kwano ba ne. Wa ya faɗo?"

"Bai faɗo ba, Hajiya," in ji Maman Yemi. "Ƙafa ɗaya ce kawai."

Hajiya ta bi ɗakunan nan tara ɗaya bayan ɗaya, tana ganin robobi da tabon ruwa a bango. Da ta fito fuskarta ta canza. Ta tofar da goron.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara uku ke nan, Hajiya."

"Shekara uku. Kai Gwadabe da furfurarka. Ina zuwa kuna washe mini baki kuna cewa lafiya lau. Ni aljana ce da zan san abin da ke cikin ɗakunanku? Kuna so yarinya ta mutu a gidana a ce Mas'uda ce?" Na sunkuyar da kai, don ta fi ni gaskiya.

Sai ta juya kan Bamalli.

"Kai kuma. Turanci ban iya ba, amma na haifi tara na raini goma sha. Jijiyar wuyanka da Hausa take magana. Zagina ka yi."

"Hajiya, suka ce mai ma'ana, irin ta..."

"To faɗi guda ɗaya da Hausa. Dube ni ka faɗa. Guda ɗaya tak, in ji da kunnena."

Bamalli ya dubi takardar kamar za ta cece shi. Sai ya durƙusa a hankali, har ya kai ƙasa da kwat ɗinsa da komai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ɗaki ne yake yoyo."

"Ban ji ba. Ɗaga murya kamar ɗazu, na baya su ji."

"Ɗaki ne yake yoyo, Hajiya."

Nan fa layi ya fashe. Mai keken nan har da kwanciya a kan benci. Linus ya cire tabarau yana share hawaye.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce Litinin kafinta zai zo da sabon kwano a yi gidan gaba ɗaya. Sannan ta karɓi jakar daga hannun Asama'u ta miƙa wa direban kekenta.

"Ba inda za ki Gauraka a ce daga gidana aka koro ki. Gidana za ki zauna, yau ɗin nan a kai yarinya asibiti. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe na zo na duba da idona, ranar za ki dawo." Ta nuna Bamalli da sanda. "Shi kuwa ya kwana a nan ya ci gaba da gaisuwa."

Suka shiga keke. Bamalli ya ɗingisa har bakin titi da ƙunshin zanen goyon, ya miƙa ta gefe. Ya tsaya yana kallon ƙeyar Ummi, yana so ya ce wani abu.

"Ki lulluɓe ta da kyau," ya ce a hankali.

"To. Ka fitar da katifar rana," in ji Asama'u.

Keke ya tashi. Ya daɗe a tsaye har suka sha kwana. Da ya juyo ya ga jama'a ba su watse ba, sai ya gyara kwat.

"Kun dai gani. Litinin kafinta. In ba don takardar nan ba..."

Kowa ya ɗauki bencinsa ya kama gabansa.

Ranar Litinin bai je aiki ba, ya aika ya ce ba shi da lafiya, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Tun kafin kafinta ya sauke kaya yana tsaye a gindin bango da tsohuwar riga. Ya tambayi mutumin kwana nawa aikin zai ci. Kafinta ya ce biyar, in an taimaka masa uku.

"Ni zan taimaka," in ji Bamalli. "Me zan kama?"

Kafinta ya dubi hannun mai bandeji, ya dubi ramin da ke sama. Labari ya riga ya kai masa tun a kasuwar katako.

"Riƙe tsani," ya ce. "Kada ka hau, kada ka buga komai, kada ka yi mini bayani."

Kwana uku Bamalli yana riƙe da tsanin nan a rana, da hannu ɗaya da kafaɗa. Ko kafinta ya sauko ya tafi cin abinci, shi yana nan bai saki ba.